Kafin Ja, Sai Toka

Jazuli ya buɗe kwalin a soro,
ya ga Fijo ja wur a kan murfi,
ya ce, Kaka, yau za mu gama?

Ba yau ba.

Yau wanki ne.
Roba tana zuwa da maiƙon da ido ba ya gani,
fenti kuwa ba ya zama inda maiƙo ya riga shi.
Ruwa mai ɗumi a kwanon sha, ɗigon sabulu,
tsohon buroshin haƙorin Ladidi,
ba ta san na ɗauka ba.
Ga bonet, bai kai yatsa uku ba,
ga ƙofa kamar ɓawon gyaɗa,
sitiyari kuwa in ya faɗi a tabarma
sai an tara yaran layi.

Shekara talatin da ɗaya na yi a Ƙofar Ruwa
ina rufa wa motoci asiri.
Wadda ta sha karo a hanyar Katsina,
wadda tsatsa ta cinye wa gindi,
duk sun fita daga hannuna suna ƙyalli.
Sai likita ya ɗora ƙarfe a ƙirjina, ya daɗe yana saurare,
ya ce tina ta ci rabonta, in bar mata haka.
Na bari.
Hannun ne bai ji likita ba.

Mun shanya su a faranti, mun jira.
Agusta ne, hadari na zaune a kan Dala tun hantsi,
iska jiƙe take, ba ta karɓar feshi.
Sai bayan la'asar gari ya saki fuska.

Tsinken tsire na roƙo wurin Mati,
na wanke yajin, na liƙa kowane ɓangare a kan nasa,
na soke su a jikin kwali, sun yi sahu.
Na ɗaure hanci da hankici, na ɗaure wa yaro.
Gwangwanin firaima sai an kaɗa shi,
ɗan ƙarfen ciki yana kuka kamar caki,
ka ƙirga ɗari, ka ƙara hamsin.

Taƙi ɗaya tsakaninka da roba.
Fara feshi tun ba ka iso ba,
kada ka saki sai ka wuce,
kamar mai sallama daga kan babur.
Yayyafi ake so.
In ka zuba, zai zubo da hawaye,
ya cike layin ƙofa, ya binne marikin.

Yaro ya ce, ai ta yi muni.
Na ce, matso da ita bakin haske.

Toka ba ta iya ɓoye komai.
Ga ƙarzar wuƙata a gefen bamba,
ga tabon da injin ya bari a rufi,
ga ɗan rami inda gam ya yi yawa.
Jiya duk suna nan, sheƙin roba ya rufe mana ido.
Sanfefa mai laushi, a jiƙa ta,
a shafa kamar ana share wa jariri hanci,
a sake yayyafi.

Da na dawo daga magariba
na tarar da shi ya yi tsit, hannu a baya.
A cikin bonet, ta ƙasa,
zanen babban yatsa ya kwanta sarai,
kowane layi a fili.
Bai iya jira ba.

Ranar da na yi haka a garejin Barau
sai da bayan hannuna ya kwana yana zafi.

Na ɗauki sanfefa. Na duba.
Wurin ba ya fita in an rufe bonet.

Na ajiye sanfefa,
na ce ya je ya wanke hannu, tuwo na hucewa.
Gobe, in ba a yi ruwa ba,
sai ja.